Na'ura Ta Nuna Unguwa, Gwani Ya Gano Gida

Direba ya taso daga Kawo zai shiga cikin garin Kaduna, yana kan titin Ali Akilu sai wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama a gabansa. Ya taka totur har ƙasa, mota ta ƙi amsawa, tana jan ciki kamar mai ciwon baya. Da ƙyar ya lallaɓa ta zuwa Panteka, wajen masu gyaran mota.

A zamanin Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya yi ta haɗawa a Kakuri, can ƙetaren kogi, tun daga 1975, wannan aikin kunne ne da sifana. Igiyar ƙarfe ce ta haɗa totur da kafireto, idan ta tsinke ido zai gani. Motocin da suka cika garin yanzu kuwa, da yawansu ba su da wannan igiya. Ƙafarka saƙo kawai take aikawa ga kwamfutar mota, wadda 'yan gareji ke kira biren-bos, ita ke yanke shawarar yawan iskar da za ta shiga inji.

A nan nake sara wa ƙwararrun masu rewaya. Gwani zai durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya laluba wani soket mai baki 16, ya jona na'urarsa. Tun 1996 Amurka ta wajabta wannan soket a ƙananan motoci, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Sai lambobi su fito: P2135, wato sensa biyu da ke sa ido kan maƙogwaron totur sun saɓa wa juna, ga kuma P0704, ɗan makunnin da ke bayan fedar kuloci.

Mai gaggawa zai goge lambar, ya karɓi kuɗi, wutar ta dawo kafin a kai Mando. Wani zai ce a sayo sabon maƙogwaro, kuma kowa ya san yadda kayan gyara suka yi tsada. Shi gwani tambaya yake fara yi wa kansa: me ya haɗa kuloci da totur har suka yi kuka tare? Ya san makunnin kuloci ne ke sanar da kwamfuta an taka feda, don ta sassauta inji a lokacin sauya giya. Ya kuma san an sa sensa biyu ne da gangan, domin idan ɗaya ya yi ƙarya mota ta rage wa kanta ƙarfi, kada ta kwasa da mutane. Wannan jan cikin da ya tsorata direba, kariya ce.

Sai ya ɗauko mitarsa. Ya duba ko bolt 5 na isa ga sensa. Ya ce, "Alhaji, taka min a hankali." Idonsa na kan allo, lamba na hawa daga wajen rabin bolt zuwa sama da 4. Ya miƙa hannu ya ɗan girgiza damin wayoyi, lambar ta yi tsalle ta faɗi. Shi ke nan, ya kama ɓarawo. Sau da yawa abin bai wuce soket da ya yi kore saboda ruwan wankin inji ba, ko wayar da ɓera ya ɓantara, ko ƙurar hunturu da ta haɗu da tiririn mai ta daskare a maƙogwaro. Ya goge, ya liƙa da dalma, ya naɗe, sannan ya sake koya wa kwamfutar yadda za ta riƙe silo, matakin da masu rabin sani ke tsallakewa.

Abin da ya fi burge ni, mutumin da ya koyi aiki yana wanke fulogi a gaban maigidansa, yau shi ne ke bin zanen wayoyin motar Jamus ko ta Japan a wayar hannunsa, layi bayan layi, yaransa na leƙe ta kafaɗarsa.

Mai karatu, ranar da wutar nan ta kama maka, kada ka liƙe ta da takarda. Ka sa a rubuta maka lambar, kuma kada ka biya kuɗin wani sabon kaya sai an gwada wayoyin a gaban idonka.