Kifin Yunusa da Mutanen Nineba

A ikkilisiyoyin Parakou da Djougou, in aka karanta Littafin Yunusa, gardama takan tsaya a kan kifi. Waɗansu su ce lalle mutum ya kwana uku a cikin cikin kifi, wanda ya yi shakka ya ƙaryata Allah. Waɗansu su ce misali ne, kamar na ɗa ɓatacce. Duka biyu sun bar jaki suna dukan taiki.

Littafin yana da ayoyi 48, amma uku ne kaɗai suka ambaci kifin. Sauran suna maganar annabin da ya gudu don kada Allah ya ji tausayin baƙi. A ƙarshe Allah ya tambaye shi ko bai kamata ya ji ƙan Nineba ba, birnin da ke da mutum fiye da 120,000. Yesu ya ambaci kwana ukun nan a Matiyu 12, nan take kuma ya yabi tuban mutanen Nineba.

Wannan ya shafi Kirista na Djougou, inda yawancin maƙwabtansa Musulmi ne, waɗanda su ma sun san Annabi Yunusa. A Parakou ne Paparoma Yahaya Bulus na Biyu ya gana da shugabannin Musulmi a 1993. Ko mai bi ya ɗauki kifin a zahiri ko a misali, in ba ya so Allah ya yi wa maƙwabcinsa alheri, zunubin Yunusa yake maimaitawa.