Rediyon Tauraron Ɗan Adam a Mota: Matsalar Tana Cikin Motar, Ba a Sama Ba

Idan motarka ta hannu ce da aka shigo da ita daga Amurka, duba rediyonta da kyau. Wataƙila ka ga wani maɓalli da aka rubuta SAT ko XM a kai, wanda ko ka danna ba ya kawo komai. Rediyon bai lalace ba. Maɓallin na kama tashoshin kamfanin SiriusXM ne, masu saukowa daga tauraron ɗan adam, kuma Amurka da Kanada aka yi wa su. An girke taurarin XM a saman layin da ya raba duniya biyu, wajen digiri 85 da 115 yamma. Kano tana wajen digiri 8 da rabi gabas, alhali irin wannan tauraro ba ya ganuwa idan tazarar ta haura digiri 81. Wato daga inda kake, doron duniya da kansa ne ya shiga tsakaninku.

A can ɗin ma ba kowace mota ce ke zuwa da wannan rediyo ba. Shi ya sa aka fito da 'yar na'ura ta ɗauka, irin su SkyFi da kamfanin Delphi ya fitar a 2002 da MyFi a 2004, tare da kayan haɗa ta da mota: mazauni da ake maƙalawa a dashbod ko gilashin gaba, eriya mai maganaɗisu, wayar wuta da ake cusawa a ramin kunna sigari, sai hanyar kai sauti zuwa lasifikan mota. Kan waɗannan kayan haɗi nake da magana, domin a ganina su ne suka zubar da aikin da injiniyoyi suka sha wahala a kai.

Bari mu fara ba su haƙƙinsu. Aika sauti ga motar da ke gudu daga nisan kilomita 35,786 ba wasa ba ne. Siginar tana kan megahaz 2,320 zuwa 2,345, kuma ba ta ratsa gini ko dutse ko gada. Sai eriya tana kallon tauraron kai tsaye. To yaya za a yi idan ka bi ta ƙarƙashin gada? Dabararsu ita ce taurari biyu su aiko da shiri ɗaya, amma ɗaya yana bayan ɗaya da kamar daƙiƙa huɗu. Na'urar tana tara abin da ta karɓa kafin ta sake maka shi, don haka idan gada ta datse na farko, sai ta cike giɓin da na biyu, kai kuwa ba ka ji komai ba. A cikin manyan birane masu dogayen benaye kuma suka kafa ɗaruruwan tashoshi a ƙasa masu maimaita siginar. Sirius ma, kafin haɗewarsa da XM a 2008, ya harba taurari uku a 2000 a kan wata karkatacciyar hanya don su riƙa bi ta can saman kan mai sauraro, yadda bishiya da gini ba za su cika tare su ba. WorldSpace na Noah Samara, wanda tauraronsa AfriStar ya rufe Afirka daga 1998, bai yi irin wannan tanadi ba. Eriyarsa sai an saita ta tana fuskantar tauraro, don haka rediyon zaman gida ya zama, kuma kamfanin ya durƙushe a 2008.

To, siginar da ta sha wannan doguwar tafiya lafiya lau, a taku biyu na ƙarshe ake ɓata ta.

Eriyar wurinta saman rufin mota ne, inda ƙarfen rufin ke taimaka mata kuma ba abin da ya tare mata sama. Amma kai wayar can yana nufin cusa siririyar waya ta cikin robar ƙofa ko ta but, inda buɗewa da rufewa ke tauna ta a hankali. Da yawa sai su gaji su ajiye eriyar a kan dashbod. Nan kuwa rufin ya toshe mata rabin sama: kana fuskantar kudu kana ji rangaɗau, ka juya arewa sauti ya fara yankewa. Za a ce laifin mai mota ne. Ni dai na ce kayan da suka fi sauƙin haɗawa ta hanyar da ba daidai ba, akwai laifin wanda ya ƙera su.

Babbar matsalar ita ce hanyar kai sauti. Tsofaffin motoci ba su da ramin AUX, sai aka sa wa na'urar wata 'yar tashar FM a cikinta. Ka zaɓi lambar da babu kowa a kai, misali 88.1, ka murɗa rediyon motar zuwa can, shi ke nan. Ka ga abin da ya faru? Sautin da dama an matse shi sosai don tashoshi sama da ɗari su shiga faɗin megahaz 12.5, an sake mayar da shi FM, wadda ba ta ɗaukar abin da ya wuce kilohaz 15, ga kuma shuuu da take ƙarawa. Mutum yana biyan kuɗin wata-wata don ya tsere wa FM, sai ga shi ya dawo cikinta ta bayan gida.

Ba a nan ta tsaya ba. Rediyon FM yana da wata ɗabi'a: idan sigina biyu suka haɗu a lamba ɗaya, mai ƙarfin yake kamawa ya watsar da ɗayar. Dokar Amurka ta taƙaita ƙarfin irin waɗannan ƙananan na'urori ga maikrobolt 250 a kowace mita, idan an auna daga nisan mita uku. Wannan ƙarfi kaɗan ne ƙwarai. Lambar da ka samu babu kowa a garinku, bayan tafiyar awa guda wata babbar tasha ce a kanta, kuma ita za ta yi nasara. A 2006 hukumar FCC mai kula da sadarwa a Amurka ta gano cewa wasu na'urorin XM da Sirius sun zarce wannan iyaka. Masu sauraron tashoshin jama'a da ke ƙasan layin FM sun yi ta ƙorafin cewa a wurin jiran danja sai su ji shirin Howard Stern, mai sakin baki, ya faɗo musu daga motar da ke gefe. A 2008 kamfanonin biyu suka amince su biya kusan dala miliyan 20 kan wannan da kuma saɓa ƙa'ida a tashoshinsu na ƙasa. Da aka rage ƙarfin, maƙwabci ya huta, mai na'urar kuma shuuu ɗinsa ya ƙaru.

Nan ne maganar ta tashi daga daɗin sauti ta koma ta rai. Duk lokacin da wata tasha ta shigo maka, sai ka nemo sabuwar lamba a rediyon mota, sannan ka shiga jerin saitin na'urar ka daidaita ta, a kan ɗan allo mai ƙananan rubutu, kana riƙe da sitiyari. Ƙa'idojin da hukumar NHTSA mai kula da lafiyar hanya a Amurka ta fitar a 2013 sun ce kada wani aiki a allon mota ya ɗauke idon direba fiye da daƙiƙa biyu a kallo ɗaya, ko daƙiƙa 12 gaba ɗaya. Yi lissafin da kanka: a gudun kilomita 100 cikin awa, daƙiƙa biyu tafiyar mita 55 ce da ɗoriya, rabin filin ƙwallo ke nan ido ba ya kan titi. Kuma waɗannan ƙa'idoji na kayan da aka ƙera tare da mota ne. Na'urar da ka saya ka liƙa da kanka ba ta ciki. Ga allon yana nuna sunan waƙa da mawaƙi, abin da ke ta jan ido ko ba ka yi niyya ba.

Gaskiya akwai abin da ba za a ƙwace masa ba. Direban babbar mota da ke ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma yana iya barin tasha ɗaya kwana da kwanaki bai taɓa komai ba, abin da FM ba za ta ba shi ba. Amma wannan sai idan sautin ta waya yake shiga: ta ramin AUX, ko kaset ɗin nan mai jela, ko wani ɗan akwati da ake sawa a bayan rediyo tsakaninsa da eriyar mota, wanda ke datse tashoshin waje idan an kunna na'urar. Wannan na ƙarshe ya kamata a ce yana cikin kwalin tun farko, amma daban ake sayensa, kuma sai an ciro rediyon daga dashbod kafin a haɗa.

Kada ka ce wannan matsalar Amurkawa ce kawai. Modiletar nan da ake sayarwa a tasha, wadda ake cusawa a ramin sigari a sa mata memori, irin wannan 'yar tashar FM ce a cikinta. Lambar da ta yi maka shiru a Zariya tana iya cin karo da wata tasha kana shiga Kaduna ko Abuja. Zaɓi lambobi biyu ko uku tun kana tsaye, ka adana su a maɓallan rediyo, idan kuma akwai wanda ke zaune kusa da kai a gaba, bar masa murɗe-murɗen.