Hannun da Ke Zana Aska a Ƙirjin Riga

A fadar Sarkin Zamfara da ke Anka, ko ta Gummi, ko ta Bukkuyum, ranar Sallah ba sai an gaya maka waye wane ba. Kafin maroƙi ya buɗe baki riga ta riga ta yi bayani: faɗin ƙyallenta, nauyin zarenta, da yawan aikin da ke kwance daga wuya zuwa aljihu. Ana yaba wanda ya sa. Wanda ya zauna watanni a zaure da allura kuwa ba kasafai ake tambayar sunansa ba, alhali shi ne gwanin.

Aikin yana farawa da mai zane. A da yawanci malamai ne ko almajiransu, domin hannun da ya saba da alƙalami da tawada a kan allo shi ke iya jan layi a kan ƙyalle ba tare da karkacewa ba. Yana shimfiɗa gaban riga, ya fitar da askake, waɗannan dogayen tsinaye masu saukowa daga wuya da bakin aljihu, waɗanda ake kiran riga da adadinsu: aska biyu, aska takwas, aska tara. A ɗaya ɓangaren ƙirji ya zagaya tambari, ya sake wani a baya tsakanin kafaɗu. Ba ya awo da komai sai ido da yatsa, amma idan an sa rigar aka naɗe hannuwanta a kafaɗa, kowane zane yana faɗawa inda ya kamata a gan shi. Ya lissafa da yadda riga ke zama a jikin mutum tun tana shimfiɗe a tabarma.

Sannan mai ɗinki ya karɓa. Nan ne haƙuri yake. Dubi cikin aljihun riga ta gaske da kyau, za ka ga ƙananan huji jere da juna, kowanne an zagaye bakinsa da zare har ya tsaya da kansa, ɗaruruwa a wurin da bai fi tafin hannu ba. Dole jan zaren ya zama ɗaya daga safiyar farko har ranar gamawa. In ya matse, ƙyalle ya tattare, in ya sassauta, wanki biyu aikin ya kwance. Gwani yana iya ajiye riga mako guda ya dawo, ka nemi inda ya tsaya ka rasa. Masu saye da suka san abin suna juya rigar su duba bayan aikin, domin a can ake gane hannu mai tsabta. Keken ɗinki yana fitar da zane iri ɗaya cikin kwana guda, ba kuma laifi ba ne ga mai neman ta Juma'a, amma aikinsa a kwance yake, na hannu kuwa yana da tudu da kwari, haske na wasa a kansa idan mutum ya motsa.

Zaren ma yana da daraja hawa-hawa. Akwai na auduga, akwai tsamiya, wato silikin da ake samu daga gidan tsutsar da ke kan bishiya, a dafa shi da toka a kaɗa, launinsa ƙasa-ƙasa mai kwarjini. Alharini ja kuwa, a da ta hamada fatake ke kawo shi daga Tarabulus zuwa Kano, a yi shafi da shi a cikin bakin riga, yadda sai mai ita ya ɗaga hannu jan zai leƙo. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai: abu mafi tsada an ɓoye shi a ciki. Bayan ɗinki sai mabuga su ɗora rigar a kan gungume su yi ta duka har ta ɗauki ƙyalli, in kore ce a haɗa da shuni.

Turawan Ingila ma sun yi gasar nuna matsayi da tufafi, sai dai su a kan allon zane suka adana ta. A 1537 Hans Holbein ya zana Sarki Henry na Takwas a tsaye, kafaɗu a buɗe, kaya cike da zinare da duwatsu. A 1574 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta fitar da shelar da ta ƙayyade wanda ya isa ya sa karan-miski da ƙyallen zinare. Mai zanensu yakan ɓata lokaci a kan leshin wuya kamar yadda yake yi a kan fuska, don shi ne shaidar matsayi. Mu ba mu rataye manyanmu a bango ba a wancan zamani. Rigar da kanta ake adanawa, sarki ya tuɓe ta ya ba bawansa ko malami ko makaɗi, a gaje ta, a san daga hannun wa ta fito.

Yau shadda ta maye gurbin saƙi a yawancin riguna, samari da dama a Anka da Bukkuyum kuma sun fi ganin kuɗi a ramin zinare a kan zaman allura. Wanda zai sayi malum-malum ko aska takwas ta hannu ya kamata ya tambayi wata nawa ta ci kafin ya fara taya ta, ya kuma tambayi wanda ya zana da wanda ya ɗinka.