Kyamara a Maƙogwaro: Tana Nuna Hanya, Tana Kuma Toshe Ta

Idan mara lafiya ya daɗe a kan na'urar taimakon numfashi, likitoci kan huda masa maƙogwaro su sa ɗan gajeren bututu. Tun 1985 da Pasquale Ciaglia ya bayyana dabarar yin haka da allura da siririyar waya, ana iya yin aikin a bakin gado ba sai an je ɗakin tiyata ba. Daga baya aka ƙara buronkoskop, wato kyamara mai kama da igiya da ake zurawa cikin bututun da ke bakin mara lafiya, don a ga kada allura ta huda bayan maƙogwaro ta taɓa hanyar abinci. Wannan amfani ne na gaske. Kuskuren shi ne ɗaukar kyamarar a matsayin kariyar da ba ta da nata haɗari.

Mu yi ɗan lissafi. Bututu mai faɗin milimita 8, idan aka zura masa kyamara mai kaurin kusan milimita 6, fiye da rabin hanyar iska ta toshe ke nan. To ina iskar kabon dayoksaid za ta fita? Sai ta taru a jini. Abin da ya fi muni, na'urar da ke maƙale a yatsa oksijin kawai take aunawa, kuma ana ba shi oksijin da yawa a lokacin aikin, sai lambobi su yi kyau alhali ciki na ɓaci. Ga wanda ya ji rauni a ƙwaƙwalwa, wannan iska tana buɗa jijiyoyin jini, matsi ya ƙaru a cikin ƙoƙon kai. Ƙwaƙwalwar da ta riga ta kumbura ba ta jure wannan.

Akwai kuma wata hanyar. Gwajin TRACHUS da aka yi a Burazil, aka wallafa a 2016, ya nuna jagorancin na'urar sikanin bai gaza na kyamara ba, kuma sikanin yana nuna jijiyoyin wuya kafin a huda.

Ba cewa muke a jefar da kyamara ba fa. A zaɓi wanda ya dace da ita, a gajarta zamanta a ciki, a kuma riƙa auna kabon dayoksaid har a gama.