Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba: nazari kan Signal, Telegram da Mastodon a ƙasar Ƙonni

Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza, daga Galmi zuwa Badagishiri, da wuya a sami ƙungiyar malamai, ko ta iyayen ɗalibai, ko ta masu wasan kwaikwayo, wadda ba ta da zaurenta a WhatsApp. Can ake kiran taro, can ake sanar da suna da rasuwa, can ake tara gudummawa, kuma can ake faɗin maganganun da a da ba a furta su sai an rage murya. A watan Janairu na 2021 kamfanin WhatsApp ya sanar da sabuwar ƙa'ida game da musayar bayanai tsakaninsa da Facebook, sai miliyoyin mutane a duniya suka tsorata, suka sauke Signal da Telegram cikin ƴan makonni. Tun daga lokacin ake jin waɗannan sunaye, har da na Mastodon, a matsayin mafakar mai son rufin asiri. Ya kamata malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu su auna wannan da'awa da mudun garinsu kafin su kwashi jama'arsu zuwa sabon wuri.

Mudun kuwa yana nan cikin ginin gidan Bahaushe. Akwai maganar kasuwa da dandali, wadda kowa ke da iznin ji. Akwai maganar zaure, wadda ake yi da baƙo da maƙwabci. Akwai kuma maganar cikin gida, wadda ba ta ƙetare bango. Yaro yana koyon wannan bambanci tun kafin a kai shi makaranta, kuma wanda ya kai maganar ɗaki kasuwa sunansa mai tonon asiri. Cewa sirri yana da amfanin da ake gani a tukunya, an shaida shi a jihar Tawa kanta. A 2010, bayan fari, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kimanin jika 22 a wata, har wata biyar, a ƙauyuka 96 na jihar. Wasu mata sun karɓa a hannu, wasu kuma ta wayar salula, ta hanyar Zap. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker da abokan aikinta sun tarar gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri daban-daban, kuma daga cikin dalilan da suka kawo akwai cewa kuɗin waya ba kowa ke ganin isowarsu ba, don haka mace ta fi samun ta cewa a kansu. Ashe tun kafin zuwan waɗannan manhajoji, salula ta riga ta shiga sha'anin sirri a wannan ƙasa.

Adalci ya wajabta a fara da abin da ake gudu. WhatsApp, wanda Facebook ya saya a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19 ta Amurka, yana kulle saƙonni daga waya zuwa waya tun watan Afrilu na 2016, kuma dabarar kullewar daga wajen masu Signal ya aro ta. Ma'anar wannan ita ce kamfanin da kansa ba ya iya sauraren saƙon murya ko karanta rubutun da ke wucewa. Abin da yake gani shi ne sawun magana: lambar waya, lambobin da mutum ya ajiye in ya ba da izni, irin wayarsa, lokutan shigarsa da zaurukan da yake ciki. Sawu kuwa ba abin rainawa ba ne, domin mabiyin sawu ba ya bukatar ganin raƙumi kafin ya san inda ya nufa. Haka kuma kwafin hirarraki da waya ke ajiyewa a rumbun Google ba ya samun irin wannan kulli sai mai waya ya kunna shi da hannunsa, zaɓin da aka kawo a 2021. Facebook kuwa kasuwa ce tun asali, tallace-tallace ne abincinsa, kuma badaƙalar Cambridge Analytica ta 2018, wadda ta shafi bayanan mutane har miliyan 87, ta nuna inda hajar takan ƙare.

A cikin ukun da ake yabo, Signal ne ya fi cika alkawarinsa. Gidauniya ce ke riƙe da shi, wadda Moxie Marlinspike da Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro WhatsApp, suka kafa a 2018, Acton ya zuba dala miliyan 50. Ba ya talla, kuma tsarin gininsa a buɗe yake ga duk masanin da ke son bincike. A 2016, da wata kotu a Amurka ta nemi bayanan wasu masu amfani da shi, abin da ya iya miƙawa bai wuce ranar buɗe asusu da ranar shiga ta ƙarshe ba, domin sauran bai ajiye su ba. Tun 2024 kuma mutum yana iya ɓoye lambarsa ya yi hulɗa da laƙabi. Wannan na da daraja ga malama ko ɗaliba da ke cikin zaure mai mutum ɗari, inda a WhatsApp kowane baƙo kan iya kwafe lambarta ya dame ta da kira cikin dare. In ana neman ɗaki mai ƙofa da kwaɗo, to ga shi.

Telegram ya yi suna fiye da aikinsa. Ƴan'uwa biyu ƴan Rasha, Pavel da Nikolai Durov, suka kafa shi a 2013, kuma yana da kyau wajen aika manyan littattafai da darussa, zaurensa ɗaya kan ɗauki mutum 200,000. Amma hirarsa ta yau da kullum ba a kulle take daga waya zuwa waya ba, tana zaune a rumbun kamfanin. Kullin yana samuwa ne kawai a wata hira ta musamman tsakanin mutum biyu, wadda sai an neme ta an buɗe, kuma zauruka ba su da ita sam. Bayan kama Pavel Durov a Faransa a watan Agusta na 2024, kamfanin ya bayyana a watan Satumba cewa zai riƙa miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda ake tuhuma ga hukumomi in sun zo da takardar shari'a. Ƙungiyar da ta bar WhatsApp ta koma Telegram don neman sirri ta fita daga ɗaki ne ta koma rumfar kasuwa.

Mastodon, wanda wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fitar a 2016, dandali ne irin na Twitter, sai dai ba shi da sarki guda. Kowace jama'a na iya kafa unguwarta da mai unguwarta da dokokinta, unguwannin kuma suna jin juna. Tunanin ya yi kama da tsarin samariya da fada, kuma zai dace da ƙungiyar marubutan Hausa da ke son wurin da talla ba ta shiga. Sai dai unguwa na bukatar mai kula da kuɗin riƙo kowane wata, kuma saƙon da ake kira na sirri a cikinsa mai unguwa na iya karanta shi. Akwai kuma darasin Koo. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, ta buɗe shafi a wannan manhaja ta Indiya, jama'a suka bi. A watan Yuli na 2024 Koo ya rufe. Ƙungiyar da ta zuba tarihinta a sabon dandali ba tare da ajiye kwafi a gida ba, ranar da dandalin ya watse da tarihinta zai watse.

Babban aibin da ya haɗa su duka ukun shi ne an gina su ne domin wani mutum na daban: mai waya shi kaɗai, mai karatu da kansa, mai wuta a ɗakinsa, wanda abokin gabarsa babban kamfani ne ko ɗan leƙen asiri na nesa. A ƙauyukan Illela da Dogerawa sau da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata da ƙane. Tana wuni a rumfar mai caji tare da wasu hamsin, tana kwana wurin mai gyara, tana shiga hannun mai tura waƙoƙi da finafinai. Dattijon da bai yi boko ba yakan miƙa wa jikansa ita ya nemo masa suna ko ya karanta masa rubutu, lambar sirrin wayar kuma duk gidan an san ta. A irin wannan hali kullin da ya gagari manyan kwamfutocin duniya ba ya gagarar yaro ɗan shekara goma. Manhajar ta tsare hanya, ta bar ƙofar gida a buɗe.

Sa'an nan ga saƙon murya, wanda shi ne ainihin adabin wannan zamani a ƙasar Hausa. Shi ya ba wanda bai iya rubutu ba damar yin wasiƙa, wa'azi, talla da zambo. Amma murya sa hannu ce da ba a musunta. Malamin da ya yi ƙorafi kan jinkirin albashi a zauren mutum talatin, ko matar da ta kai kukan mijinta wurin ƙawa, ba kamfanin Amurka ne ke tona su ba. Ɗaya daga cikin masu sauraro ne ke danna alamar turawa, kafin la'asar maganar ta ƙetara Illela ta Najeriya ta kai Sakkwato. WhatsApp ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a 2019, shi da Signal duka suna da saƙon da ke gogewa da kansa, amma babu manhajar da za ta hana mutum ɗora waya ta biyu kusa da ta farko ya naɗi muryar. Magana zarar bunu ce, kuma salula ta ƙara wa bunun iska.

Abin da ke bayan wannan ba ƙarami ba ne, domin doka na kallon wanda ya yaɗa. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci kan yaɗa bayanan da ka iya ta da hankalin jama'a. A 2020 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton mutanen da aka kama a Nijar saboda saƙonnin WhatsApp da Facebook game da cutar korona. A 2022 an cire ɗauri daga hukuncin ɓatanci da zagi, a watan Yuni na 2024 kuma aka maido da shi, aka kai na ta da hankalin jama'a shekara biyu zuwa biyar. A ɗaya gefen akwai dokar kare bayanan mutane ta 2017, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, wadda ƙungiyoyi da yawa ba su san suna da hakkin kai mata kuka ba. Shugaban ƙungiyar da bai san waɗannan dokoki ba, sauya manhaja ba zai tsare mambobinsa ba.

Akwai kuma farashin ƙaura. Mai albasar Galmi yana WhatsApp ne domin dillalinsa na Abijan da direbansa da mai canjinsa duk suna can. Lokacin da aka rufe iyakar Ƙonni da Illela daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, zumunci da ciniki tsakanin ɓangarorin biyu sun rataya ƙwarai a kan waya. Ba a cewa irin wannan mutum ya bar inda jama'arsa take. Kuma ranar da aka katse intanet ɗin salula, kamar yadda aka yi na kimanin kwana goma bayan zaɓen Fabrairu 2021, Signal da Telegram da Mastodon duk shiru suke yi tare da WhatsApp.

Hukuncin da ya fito daga wannan awo mai sauƙi ne. Signal ya cancanci a ba shi maganar ɗaki: shawarar ƴan kwamiti, batun ɗalibin da ke cikin matsala, lissafin kuɗi, takardun mambobi. Telegram ya dace da ɗakin karatu, inda ake ajiye littattafai da darussan da ba a ɓoyewa. Mastodon abin gwadawa ne ga ƙungiyar da ke da mai kula da shi. WhatsApp da Facebook su zauna a matsayinsu na zaure da kasuwa, a yi magana cikinsu kamar yadda ake yi a zaure da kasuwa. Bayan wannan rabo, sauran aikin na tarbiyya ne, kuma nan ne malamai suka fi kowane kamfani iko. Kowace ƙungiya ta rubuta ƙa'idarta da Hausa, harshen da kundin 2025 ya mai da harshen ƙasa: ba a tura muryar mutum sai da izninsa, ba a sa hoton ɗalibi ko takardar sakamakonsa a zaure, ba a shigar da baƙo sai an sanar, waya ba ta zuwa wurin mai gyara da asirin jama'a a cikinta.

A aji kuma, darasin karin magana da aka saba yi domin jarrabawa ya sami sabon aiki. Ɗalibin da aka tambaya ma'anar cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, a ƙara tambayarsa abin da zai yi in muryar abokinsa ta faɗo wayarsa cikin dare. Masu ƙera manhaja sun yi nasu, sun ƙera kwaɗon da ba ya karyewa. Riƙon mabuɗin amana ce, ita kuwa a gida da makaranta ake koyon ta.