Firgici a Bakin Makaɗan Fada

Ƙasar da ke tsakanin Talatar Mafara da Bakura da Maradun ta ba Hausa makaɗan fada biyu waɗanda ba a zancen wannan fanni sai an ambace su. Na farko shi ne Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, wanda ya tashi a Maradun, ya yi wa 'Yandoton Tsafe kiɗa, sa'an nan ya yi wa Sardaunan Sakkwato, ya rasu a 1991. Na biyu kuwa Sa'idu Faru, mutumin Faru ta ƙasar Maradun, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun yana riƙe da Talatar Mafara. Dukansu biyu da kotso suka yi suna. Masana sun daɗe suna nazarin yabonsu da zugarsu. Abin da nake so mu duba a nan shi ne inda waɗannan gwanaye suke ajiye mutumin da hankalinsa ya tashi.

Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya nuna mana cewa waƙar fada tana da babban turke, watau yabon ubangida, kuma akwai tubalan da ake gina turken da su, kamar zuga da kirari da habaici da zambo. To, in mai karatu ya bi waɗannan tubalai ɗaya bayan ɗaya zai ga abin mamaki. A wajen yabo, basarake dutse ne ko giwa ko gulbi: ba ya razana, ba ya zabura, ba a ganin damuwa a fuskarsa. Duk abin da ya shafi rawar zuciya an kwashe shi an jibga wa abokin gaba, yawanci ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba. Shi ne wanda barci ya ƙaurace wa. Shi ne ya rame don hassada, abinci ba ya shiga cikinsa. Shi ne gabansa ke faɗuwa da jin tambari, ya shige ɗaka ya ƙi jama'a, ya riƙa sambatu, har a kai ga kiransa wawa ko mahaukaci, 'yan amshi su karɓa, fada ta ɗauki dariya.

Yanzu fa sai a ɗauki wannan siffa a ajiye ta gefen abin da likitocin ƙwaƙwalwa suke lissafawa na alamun ciwon damuwa da firgicin da ke bin bayan masifa: rashin barci, mugun mafarki, zabura da jin ƙara, faɗuwar gaba, ƙin abinci, saurin fushi, guje wa mutane. Kusan ba abin da ya rage. Ashe makaɗin ya ga ciwon sarai, ya kuma zana shi da basirar da likita zai yi sha'awa. Sai dai ya sa shi a zambo, wurin da aka keɓe don abin kunya.

Ba laifi nake ɗora wa Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru ba, Allah ya jiƙansu. Makaɗin fada ba mai magani ba ne. Aikinsa ya ɗaukaka ubangidansa ya ƙasƙantar da mai ja da shi, kuma sun yi wannan aiki yadda ba a cika samun irinsa ba. Amma waƙa tana koyar da abin da mai ita bai yi nufi ba. Yaron da ya tashi yana jin cewa rashin barci da zabura halin rago ne da mahassadi, in ya girma abin ya same shi, ba zai faɗa ba. Zai kira shi zazzaɓi, ko hawan jini, ko iska, ko ya yi shiru da sunan haƙuri. Kirk-Greene, a laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga a 1974, ya sa haƙuri da kunya cikin manyan halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Halaye ne masu kyau, amma su ne kan rufe bakin mai ciwo har sai ya kai matsayin da za a ɗauke shi zuwa asibitin Kware.

Ƙasar nan kuwa ba baƙuwar firgici ba ce. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da suka tashi neman diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta Bakolori ta cinye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, wasu suka ce ɗaruruwa ne. A wannan shekara ce kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da firgicin bayan masifa cikin kundinta na cututtuka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Makaɗan nan biyu suna raye a lokacin. Amma tsarin waƙar fada ba shi da gurbin da zai ajiye manomin Birnin Tudu wanda ya tsira da ransa ya rasa barcinsa, domin shi ba ubangida ba ne da za a yaba, ba kuma ɗan sarki ba ne da za a zambata.

A ina ne adabinmu ya dubi wannan ciwo da idon tausayi? A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, an sace yaro, uwarsa ta kasa zama, ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta ƙetare Sahara, ta ƙare da wahala da bege, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Marubucin bai yi mata dariya ko sau ɗaya ba. Haka kuma waƙoƙin niƙa da na daka, inda mace kan zuba wa dutse da turmi abin da ba ta iya gaya wa kowa. Amma a lura, duka biyun mata ne. Adabinmu ya yardar wa mace ta karaya, bai yardar wa namiji ba.

Wannan magana ta shafi malaman kwalejojin horon malamai kai tsaye. A watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Talatar Mafara. A Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba kuma aka kwashi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Tsaran waɗannan yara su ne ke zaune a gabanmu sa'ad da muke karantar da zambo, kuma a cikinsu akwai wanda siffar da ajin ke yi wa dariya tasa ce. Ban ce a cire waƙoƙin daga manhaja ba, hasara ce babba. Shawarata ita ce a karantar da su tare da babin uwar Shaihu Umar a mako guda, a bar ɗalibai su gwada siffofin biyu da kansu. Sashenmu kuma ya tura masu nazari ƙauyukan Bakolori su ɗauko waƙoƙin niƙa daga bakin tsofaffin mata, domin injin niƙa ya riga ya kori dutse daga yawancin gidaje.