Wot a Kan Benci, Foka a Kan Kuɗi

Da la'asar sakaliya, a bakin wani shagon ɗinki da ke hanyar Kongo a Tudun Wadan Zariya, mutum huɗu sun sa benci a tsakiya. Kartar hannunsu ta yi laushi don gumi, gefenta duk ya naɗe. Wot suke bugawa. Wani Baturen Ingila, William Storey, ya ƙirƙiro ta a 1935, amma a Najeriya ta yi gida. Ƙwaya 54 ce, gida biyar: ƙwallo, dala, kuros, kafet da tauraro, babu 6 babu 9, sai wot biyar masu lamba 20. Ka bi gida ko ka bi lamba, in ba ka da ko ɗaya ka tafi kasuwa, wato ka ɗauki ƙwaya daga ragowar kartar.

Ɗan kallo zai ce sa'a ce kawai, ni kuwa ban yarda ba. Tauraro bakwai ne kacal. Wanda ya ƙirga biyar sun sauka ya san in ya jefa 20 ya nemi tauraro, da wuya a samu mai amsawa. Sai dai riƙe tauraron ma kasada ne, don ninki biyu ake lissafa shi in kasuwa ta ƙare. Na ga dattijon tela mai shagon ya danne 2 a bayan yatsunsa tun farkon rabo, bai sake ta ba sai da yaronsa ya ɗaga murya ya ce saura ɗaya. Ya ajiye ta a hankali: "Ɗauki biyu, ɗana."

Foka, wadda samarinmu ke gani a waya, daban take. A New Orleans ta Amurka ta yi ƙarfi a farkon ƙarni na 19, ta bi jiragen kogin Misisifi, aka soma babbar gasarta a Las Vegas a 1970. A salon Texas Hold'em kowa na da ƙwaya biyu a ɓoye, a buɗe biyar a tsakiya, mai haɗin biyar mafi ƙarfi ya kwashe. Amma sau da yawa ba a kaiwa ga nuna hannu. Ka ƙara kuɗi, abokin karawa ya karaya ya janye, ka ci da kartar banza. Burga ce rabin wasan, shi ya sa mai magana a ƙarshen zagaye ya fi kowa morewa, ya riga ya ga motsin kowa.

To burga ba ta ci sai akwai abin asara. A cire kuɗi daga foka, babu mai tsoro, kowa zai bi har ƙarshe, wasan ya mutu. Caca a cikin jininta take, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta riga ta yanke hukunci. Wot ba ta da janyewa, ba ta buƙatar ko kwabo kafin ta yi daɗi, ko da yake ban musa ba, akwai masu cusa naira a ƙarƙashin benci, kuma daga nan faɗa ke tashi. A shagon telan ban ga haka ba. Da aka kira Magariba, ya tattara kartar, ya ɗaure ta da kyauron roba, ya jefa cikin aljihun keken ɗinki.